Wurin cin abinci a garin bakin teku a Ingila: kifi da dankali, gidan shayi, mashaya, babban gidan abinci ko rumfa?

Duk wanda ya taɓa zuwa Whitby ko Blackpool ko St Ives ranar Asabar a watan Agusta, ya ga layin masu sayen abinci ya miƙe har ya karya kwana, to lissafi zai dawo gida yana yi. Idan kowane mutum a layin nan ya ajiye fam goma, a yini ya kama nawa ke nan? Daga nan sai zuciya ta fara raya masa cewa 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa sun sami wurin zuwa. Ga shaguna nan da allon neman ɗan haya a jikinsu, kuma hayar ba ta kama ƙafar ta Landan ba.

Abin da bai gani ba shi ne wannan titin dai ranar Talata a watan Janairu. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, iska na kaɗa ruwan sama a karkace, shaguna da yawa an ja musu ƙofa an sa kwaɗo, babu kowa a bakin ruwa sai mai yawo da karensa. Allon nan da ya gani, a irin wannan watan aka kafa shi. A watan Agusta kowa gwani ne, ko abincinka ba daɗi za a saya, domin yunwa ta kama mutane kuma layin maƙwabcinka ya yi tsawo. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar garin bakin teku kuwa a ƙarshen Oktoba take ƙarewa.

Idan kana cikin masu wannan tunani, kuma ka rasa wanne za ka kama cikin sana'o'in nan biyar, ga ma'aunin da zan ɗora su a kai.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuma mafi nauyi: wa zai shigo maka a hunturu? Cinikin baƙi yana farawa ne daga hutun Ista, ya ɗan motsa a ranakun hutun watan Mayu, sannan ya tumbatsa a makonni shida na hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Bayan hutun mako guda na ƙarshen Oktoba sai gari ya koma hannun masu shi. Sana'ar da 'yan gari ba su da buƙatarta, dole ta tara a wata biyar abin da za ta ci a wata goma sha biyu.

Na biyu, kuɗi, kuma kashi biyu ne: na shiga, da wanda zai riƙa fita kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Na biyun ne ke kashe mutane. Mai gida ba ya rage haya don an shiga sanyi. Iyakar da hukuma ta sa wa farashin wuta da gas ta gidajen zama ce, ba ta shafi wuraren kasuwanci ba. Ma'aikaci ɗan shekara 21 zuwa sama, mafi ƙarancin abin da doka ta ce a ba shi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wato fam 488 da 'yan kai a makon awa arba'in, kuma adadin yana hawa kowane Afrilu. A Afrilun 2025 ɗin ne kuma kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar aiki ke biya ya koma kashi 15 cikin ɗari.

Akwai kuma harajin VAT, wanda sabon shiga kan manta da shi. Da zarar cinikinka ya haura fam 90,000 a cikin wata goma sha biyu, dole ka yi rajista. Harajin kashi 20 ne, ma'ana duk abincin da ka sayar fam 12, fam 2 na gwamnati ne. Duk abin da aka ci a zaune a wurinka yana da haraji, haka duk abinci mai zafi ko da ɗauka aka yi aka tafi. Shi ya sa za ka ga wasu ƙananan wurare suna rufewa a hunturu da gangan, don kada su tsallake wannan layin.

Na uku, hannu. Aikin yana buƙatar gwani ne, ko yaron da aka koya wa mako biyu zai iya? A garuruwan yankin Cornwall wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu kuɗi daga birane sun saye gidaje sun mai da su na hutu, har mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'a a 2016 cewa duk sabon gidan da za a gina sai dai a sayar wa wanda zai zauna a ciki. Za ka iya samun kuku, amma ina zai kwana? Matasan da a da suke zuwa daga ƙasashen Turai su yi aikin bazara su koma, hanyarsu ta ƙuntata tun farkon 2021.

Na huɗu, takardu. Kowane irin wuri ne, sai ka yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ka buɗe, kuma kyauta ne. Jami'an tsafta za su zo su ba ka maki daga 0 zuwa 5. A Ingila ba dole ne ka manna makin a ƙofa ba, a Wales dole ne, amma duk mai waya zai iya duba shi a intanet, kuma wanda bai manna ba an san dalili. Akwai kuma abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, waɗanda doka ta ce sai ka iya faɗin wane abinci ne ke ɗauke da su. Daga nan kowace sana'a da nata ƙarin.

Na biyar, ƙarko da haɗari: kayan aikin za su daɗe? Mene ne abu guda da zai iya durƙusar da kai dare ɗaya? Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe da fenti da injin firij na waje fiye da yadda ka saba gani a cikin ƙasa.

Shagon kifi da dankali

Ni a ganina wannan ce sana'ar da ta fi kowacce tsayawa da ƙafafunta biyu, ɗaya a kan baƙi ɗaya a kan 'yan gari. Baƙo bai ji ya zo bakin teku ba sai ya zauna a kan katanga da ƙunshin kifi a cinyarsa. Ɗan gari kuma yana da al'adar sayen kifi daren Juma'a, kuma sanyi ba ya hana shi. Ba ka buƙatar tebura ko masu kai abinci. Mutum ya biya, ya karɓa, ya ba na baya wuri.

Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne. Murhun suya shi ne uwa uba, ga bututun fitar da hayaƙi, ga injin feraye dankali da na yankawa, ga manyan firji. Amma murhu mai kyau yakan yi shekaru masu yawa yana aiki idan ana kula da shi. Abin da ba a wasa da shi shi ne wanke bututun nan, domin maiƙon da ke taruwa a ciki shi ke haddasa gobara, kuma kamfanin inshora zai nemi shaidar an wanke kafin ya biya ka ko kwabo.

Kada ka ɗauko shagon da ba a taɓa suya a ciki ba kana cewa za ka gyara. A tsarin gine-gine na Ingila, wurin sayar da abinci mai zafi na ɗauka-ka-tafi yana buƙatar izini na musamman daga ƙaramar hukuma. Maƙwabta za su iya yin ƙorafin wari, wasu hukumomin kuma ba sa bayarwa a kusa da makarantu. Sayen wanda yake aiki ya fi kwanciyar hankali. Idan kuma za ka sayar bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, wani lasisin ne daban.

Ga wani abin da kan ba sabon shiga mamaki: kifin da ake soyawa a shagon da ke kallon jiragen ruwa, galibi ba daga jiragen nan ya fito ba. Kod da hadok, kifayen da aka fi nema, yawancinsu daga ruwan Iceland da Norway da tekun Barents suke, a daskare tun a cikin jirgi. Wannan yana da kyau ta fuskar cewa guguwa ba ta hana ka kaya. Amma ya ɗaure ka da kasuwar duniya. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukren, man suya ya yi tashin gwauron zabo, gas ya bi shi, Birtaniya kuma ta ƙara harajin kashi 35 a kan farin kifin Rasha. Bayan nan aka yi ta rage yawan kod ɗin da aka yarda a kama a Barents shekara bayan shekara. Abubuwa huɗu ne jarinka, kifi da dankali da mai da gas, kuma babu ɗaya da kake da iko da farashinsa. Ga shi mutane sun ɗauki wannan abinci a matsayin na talaka, akwai iyakar da za ka kai farashi su fara juya baya.

Sai ka kula da ɗanɗanon yanki. A Yorkshire da Sikotlan hadok aka fi so, a kudu kod. Shaguna da yawa a Yorkshire da kitsen shanu suke suya, kuma tsofaffin abokan ciniki za su gane ranar da ka canja. Amma a garuruwan da iyalai Musulmi ke zuwa yini daga Bradford ko Manchester, kamar Blackpool da Scarborough, allon da ya ce da man gyaɗa ko wani man tsiro ake suya, kuma kaskon kifi daban yake da na nama, yana jawo mota guda ta mutane a lokaci ɗaya.

Aikin kansa na tsayuwa ne a gaban wuta, kuma warin mai zai bi ka har gado.

Gidan shayi da kofi

Nan ne ƙofa ta fi faɗi. Tun Satumban 2020 aka haɗa kantuna da gidajen shayi da gidajen abinci na zama a rukuni ɗaya a Ingila, don haka tsohon kantin tufafi zai iya komawa gidan shayi ba tare da neman izinin canja amfani ba. Injin kofi ana iya ɗaukarsa haya. Idan wurin ƙarami ne, ƙimar hayar shekara da hukuma ta yi masa ba ta wuce fam 12,000 ba, kuma shi kaɗai gare ka, ba za ka biya harajin wurin kasuwanci ba sam. Da rana ake aikin, ƙarfe huɗu ko biyar ka rufe ka koma cikin iyalinka. Cikin biyar ɗin nan babu wata da za ta ba ka wannan.

Masu raya shi a hunturu tsofaffi ne. Garuruwan bakin teku matattarar 'yan fansho ce. A gundumar North Norfolk, inda garin Cromer yake, ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ya kai shekara 65. Waɗannan mutane suna neman wuri mai ɗumi, kujera mai daɗi, banɗaki mai tsafta wanda ba sai an hau bene ba, da wanda zai tuna sunansu da yadda suke son shayinsu. Sai masu yawo da karnuka, waɗanda ba sa fashi ko ana ruwan ƙanƙara. Gidan shayin da ya hana shiga da kare a irin wannan gari ya kori wani babban kaso na cinikin sanyi da hannunsa, don haka idan ba za ka iya zama da kare a ƙarƙashin teburinka ba, ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

Raunin sana'ar shi ne kuɗin kanana ne. Kofi akwai riba a kofi ɗaya, amma dattijuwa za ta iya riƙe tebur awa biyu da butar shayi guda, kuma ba za ka tashe ta ba, domin ita ce za ta dawo a Fabrairu. Sauƙin shigar da ya taimake ka zai taimaki wanda zai buɗe a jikinka baɗi. Ga rassan manyan kamfanoni irin su Costa mai kofi da Greggs mai kayan gashi a babban titi. Wanda ya yi nasara shi ne wanda ke da wani abu da ake gasawa a wurin, ana jin ƙamshinsa daga waje. Idan a kudu maso yamma kake, ka san cewa a Cornwall jam ake fara shafawa a kan burodin shayi kafin kirim, a Devon kuma kirim ne farko. Abin dariya ne, amma za a yi maka gyara a gaban jama'a.

Mashayar unguwa

Wanda addininsa ya haramta masa cinikin giya, maganar ta ƙare a nan, sai ya wuce gaba. Babu wata dabarar riƙe mashaya ba tare da ita ba. Amma ko shi yana da abin koyo a wurin mashaya, domin cikin biyar ɗin ita ce ta fi sanin yadda ake riƙe 'yan gari.

Mashayar da Turawan Ingila ke kira pub, zauren gari ce kafin ta zama wurin sha. Nan masunta da 'yan sa-kai na jirgin ceto suke haɗuwa. Akwai daren kacici-kacici, akwai ƙungiyar masu jifan allo, akwai gasasshen naman ranar Lahadi da iyalai ke zuwa ci, akwai walimar bayan jana'iza. Kowane dare na mako an ba wasu mutane dalilin fitowa. Wadda ke da ɗakunan kwana a sama ta ƙara samun wata hanyar kuɗi. Tun da aka hana shan taba a cikin wuraren jama'a a Yulin 2007, abinci ya zama ƙashin bayan yawancinsu, har ta kai mai mashaya yanzu gidan abinci yake gudanarwa da ƙarin wahala a kai.

Hanyar shiga biyu ce. Ko ka sayi ginin gaba ɗaya, wanda kuɗi ne masu yawan gaske, ka sayi kayanka inda ka ga dama. Ko ka karɓi haya daga kamfanin da ya mallaki ɗaruruwan mashayu, ka shiga da kuɗi kaɗan, amma da sharaɗin a wurinsu kaɗai za ka riƙa sayen abin sha, a farashin da ya fi na kasuwa. Wannan arahar shiga ita ta ja mutane da yawa cikin rami. Rigimar ta yi yawa har a 2016 aka kafa ƙa'idar da ta shafi kamfanonin da ke da irin waɗannan mashayu 500 zuwa sama a Ingila da Wales, wadda ta ba ɗan haya damar neman a kwance masa wannan igiya a wasu lokuta, ya koma biyan haya zalla.

Lasisin ba shi ne mai tsada ba. Na mutum fam 37 ne bayan ya ci jarrabawa, na wuri kuma yawanci tsakanin fam 100 ne da 635 gwargwadon ƙimar ginin, sai kuɗin shekara-shekara. Ginin ne ke cin kuɗi. Galibi tsoho ne, babba, mai wuyar ɗumamawa, kuma yarjejeniyar haya da yawa ta ɗora wa ɗan haya duk gyara har da rufi. Rufin da ya shekara ɗari yana shan iskar teku ba abin da za ka sa hannu a kansa ba ne kafin masani ya hau ya duba. Yawan mashayu a Birtaniya raguwa yake ta yi shekaru da dama, Wetherspoon kuma, mai ɗaruruwan mashayu, tana sayarwa a farashin da ƙaramin mai mashaya ba zai iya bi ba. Aikin kwana bakwai ne, har tsakar dare, da rabon faɗa a ciki. Martanin da wasu suka samo shi ne 'yar ƙaramar mashaya mai ɗaki ɗaya, ba kicin ba kiɗa, mutum ɗaya ke riƙe da ita. A ƙauyen Herne na yankin Kent aka fara ta a 2005, ta bazu a garuruwan gaɓar wannan yanki.

Babban gidan abincin teku

Wannan shi ne mafarkin kowa, kuma kowa garin Padstow na Cornwall yake kawo misali da shi. Shahararren kuku Rick Stein ya buɗe gidan abincinsa a can a 1975, yau garin ya cika da wurarensa har ana yi masa laƙabi da Padstein. Abin da ake mantawa shi ne ya yi shekara ashirin yana fama kafin talabijin ta sa duk ƙasar ta san shi.

Idan ya karɓu, shi kaɗai ne cikin biyar ɗin da ba ya jiran baƙi su zo gari, shi ke kawo su. Mutum zai tuƙo mota awa uku a watan Nuwamba don ya ci abinci a wurin da ya yi suna. Amma kafin a kai nan, komai nasa mai nauyi ne: kicin cikakke, ma'aikata da yawa, da kaya masu lalacewa cikin kwana biyu. A nan kifin gida ake nema, sabo, daga kasuwanni irin na Brixham da Newlyn, kuma a can kana takara ne da dillalan da ke kai kaya Faransa da Sifaniya. Idan teku ta yi fushi mako guda jirage ba su fita ba, farashi ya hau, ko ma a rasa. Mutum shida su kama tebur daren Asabar su ƙi zuwa, an yi asarar da ba ta dawowa, shi ya sa wurare da yawa suke karɓar kafin alƙalami. Tukuicin da masu ci ke bari ma, tun Oktoban 2024 doka ta ce na ma'aikata ne gaba ɗaya, ba za ka cike giɓi da shi ba.

Babban haɗarin mutum ɗaya ne: kuku. Idan ba kai ne kukun ba, ranar da ya ajiye aiki a tsakiyar Yuli ka shiga uku.

Rumfar bakin ruwa

'Yar rumfa ko tirela mai sayar da askirim, ko ƙaguwa a Cromer, ko kawa a Whitstable. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma idan sanyi ya zo ka rufe, kusan babu abin da ke bin ka. Wuraren kan gaɓa galibi na ƙaramar hukuma ne, takara ake yi a ba wanda ya fi tayi na 'yan shekaru, in wa'adi ya cika wani zai iya kayar da kai. Ranar da aka wuni ana ruwa, ka wuni a banza. Tsuntsayen teku za su fizge abinci daga hannun mai saye, kuma doka ta 1981 ta hana a taɓa su. Sana'ar rabin shekara ce, ba ta riƙe gida ita kaɗai.

| | Kuɗin shiga | Cinikin hunturu | Buƙatar gwani | Takardu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kifi da dankali | Mai yawa | Mai kyau idan kusa da unguwa | Matsakaiciya | Izinin gini na musamman | Farashin kifi, mai da gas, gobara |
| Gidan shayi | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Kaɗan | Masu sauƙi | Yawan masu takara, ƙarancin riba |
| Mashaya | Kaɗan a haya, mai yawa a saye | Mafi kyau | Mai yawa | Lasisi biyu | Gyaran gini, sharaɗin kamfani |
| Babban gidan abinci | Mafi yawa | Sai an yi suna | Mafi yawa | Masu sauƙi, sai lasisi in da giya | Tafiyar kuku, lalacewar kaya |
| Rumfa | Mafi ƙaranci | Babu | Kaɗan | Izinin wuri | Ruwan sama, ƙarewar wa'adi |

Garin ma zaɓi ne

Teburin nan zai iya juyewa gwargwadon garin. Wasu garuruwan sun ƙirƙiro wa kansu abin da ke tsawaita kakar ciniki. Blackpool tana kunna fitilunta na ado daga ƙarshen bazara, a da zuwa Nuwamba, tun 2020 kuma har cikin Janairu. Whitby tana da bikin masu baƙaƙen kaya sau biyu a shekara, ɗaya a farkon ɗumi ɗaya a ƙarshen Oktoba. Margate ta farfaɗo ne bayan jirgin ƙasa mai sauri ya fara zuwa daga Landan a 2009 kuma aka buɗe gidan zane na Turner Contemporary a 2011, har mutanen birni suka fara ƙaura zuwa can da zama. Garin da ke da asibiti ko kwaleji ko tashar jiragen kamun kifi mai aiki yana da mutane masu albashi a Janairu. Garin da rabin tagoginsa ba a kunna musu fitila a hunturu, komai kyansa, na rumfa ne.

A cikin garin ma, shagon da ke fuskantar teku ya fi haya, ya fi cinikin Agusta, ya fi shan iska da ruwa. Na layi na biyu ko na uku, kusa da kantin magani da gidan waya, shi 'yan gari ke bi ta gabansa kullum. A Disamban 2013 teku ta yi ambaliya a gaɓar gabas, ruwa ya shiga shaguna a Whitby da Lowestoft. Wata biyu bayan haka igiyar ruwa ta wanke layin dogo a Dawlish, ta yanke Cornwall daga sauran ƙasar ta hanyar jirgi na kimanin wata biyu. Tsarin Flood Re da ke sauƙaƙa inshorar ambaliya na gidajen zama ne, ban da kasuwanci. Taswirar ambaliya ta gwamnati kyauta ce a intanet, ka duba ta, ka kuma nemi farashin inshora kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba.

Mai sayar maka da sana'a zai nuna maka cinikin shekara a dunƙule. Ka ce wata-wata kake so, na shekara uku.

Wanne ya dace da wa

Idan kuɗinka kaɗan ne, kana da wani aikin da za ka koma a hunturu, kuma so kake ka ɗanɗana kafin ka afka, rumfa. Kaka ɗaya za ta gaya maka ko jikinka zai ɗauka.

Idan ku biyu ne, kai da maiɗakinka, ɗayanku ya iya gashi, kuna son yamma ta zama taku, kuma ba arziki kuke nema ba illa rufin asiri, gidan shayi a layi na biyu, a gari mai yawan 'yan fansho.

Idan kana da jari mai ɗan kauri, kana da 'yan'uwa ko 'ya'ya manya da za su tsaya tare da kai, kuma sana'ar da za ta ciyar da gida wata goma sha biyu kake so, kifi da dankali, wanda yake aiki tuni, a inda baƙi da 'yan unguwa duk za su iya isa da ƙafa. Da ni ne mai kuɗin, nan zan sa su, bayan na yi wata shida ina suya a shagon wani.

Babban gidan abinci na wanda shi kansa kuku ne, kuma yana da abin da zai riƙe wurin hunturu biyu ko da ba riba. Mashaya kuwa ta wanda babu abin da ya hana shi ita, yana son mutane har ƙarfe sha biyun dare, ya yarda ya kwana a saman wurin aikinsa, kuma lauya ya karanta masa yarjejeniyar haya layi-layi.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka kama ɗaki a garin mako guda a watan Fabrairu. Ka zauna inda kake hango ƙofar shagon, ka ƙirga masu shiga daga Litinin zuwa Alhamis.